Fulogi Mai Lamba Tara

Shekara talatin da huɗu ina sauke injin ina ɗaurawa, kuma ba a taɓa dawo mini da mota sau uku a kan ciwo ɗaya ba. In wannan yabon kai ne, to da fatar hannuna na saye shi. Dawowa ta farko, kowa yana kuskure. Ta biyu, sai in ce motar ce mai taurin kai. Amma ta uku, ai bakanike ya tashi daga gyara ya koma lalube. Abin da ya sa mutanen layinmu suka laƙaba mini Likita ke nan, har sunana na gaskiya ya ɓace. Matata kaɗai ke tunawa da shi, ita ma sai ranta ya ɓaci.

Garejin nawa ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da dogon benci da mai faci da mai walda suka mayar majalisarsu, sai ɗan shago a gefe inda muke sayar da baƙin mai da bel da fulogi. Auta ce ke tsaron shagon. Ita ce 'yata ta ƙarshe, shekararta ashirin da tara, da mijinta da 'ya'yanta biyu. Yayyenta maza uku duk sun gudu daga baƙin mai: ɗaya yana koyarwa, ɗaya tela ne, ɗayan kuwa har yau ban gane aikinsa ba, na dai san yana zaune a gaban kwamfuta yana ƙiba. Ita kuwa tun tana 'yar shekara bakwai take biyo ni, ta zauna a kan mataccen batir tana kallon hannuna. Ban taɓa lissafa ta a cikin makanikai ba. In an tambaye ni, sai in ce tana taya ni tsaron shago.

A kan teburina akwai tiren ƙwai na kwali, cike da tsofaffin fulogi, kowanne a raminsa. Layin farko baƙaƙe wuluk da kunkunniya, layin tsakiya masu launin shayi da madara, na ƙarshe farare fat kamar alli. Da wannan tire na koya wa duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashina karatu. Mai mota yana ƙarya, direba ya fi shi, amma bakin fulogi yana faɗin abin da ke faruwa a cikin injin tsakani da Allah.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan idanuna suna ja da baya. Duniya ta koma mini kamar gilashin motar da aka wanke da sabulu ba a ɗauraye ba. Manyan abubuwa ina gani, fari da baƙi ina rabewa, amma ƙananan rubutu sun zama layin tururuwa. Sai na koyi dabaru. In ana son karanta lamba, in miƙa wa mai mota in ce, "Karanta mini, hannuna da mai." In zan ɗauki kaya a kanta, hannuna ya san hanya. Na ɗauka ba wanda ya gano ni.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na ji ƙarar a-kori-kurar Mai Ƙwai tun daga kan kwana, na san ba lafiya ba. Mai Ƙwai abokina ne na shekara ashirin. Yana loda kiret-kiret na ƙwai daga gonakin kaji ya kai garuruwan da ke bayan dogon tudu, tafiyar awa huɗu, rabinta hawa. Wata biyu kafin nan na sauke masa injin, na sa wa fistin sabon ring, kan injin kuma ya ɗan karkace don haka aka kankare shi. Bayan sati uku ya dawo, wai in ya kama hawa sai ya riƙa jin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na gyara masa taimin, wato lokacin bayar da wuta, ya tafi. Wannan zuwan shi ne na biyu.

Ya sauko yana share gumi da hularsa. "Likita, tsakuwar nan fa ta dawo, har ta haihu. Jiya a tsakiyar tudu sai da na tsaya na ba ta haƙuri."

"Ruwa fa, yana tafasa?"

"Ba ya tafasa. Ƙarfi ne babu, ga kuma ƙarar."

Mai walda ya leƙo daga kan benci, ya ɗaga yatsu biyu sama. Na yi kamar ban gani ba, alhali wannan kam na gani sarai.

Na buɗe bonet, na jira injin ya huce, na kwance fulogi huɗun na jera. Ko makaho ya san abin da ke nan. Farare tas, kuma da na goga farce a kan bakin ɗaya sai na ji ƙuraje-ƙuraje, alamar ya sha wuta fiye da ƙima. Nan take na gane laifina ne tun farko. Kan injin da aka kankare yana ƙara matsi, matsi yana ƙara zafi, ni kuma na mayar masa da irin fulogin da ya saba sha tun yana lafiya lau.

"Fulogi ne," na ce. "Za mu canza."

"Yauwa. Ka sa mini mai zafi, wanda wutarsa ke da ƙarfi, ta riƙa cin tudun nan da gudu."

Wannan magana na ji ta ya fi sau dubu, kuma har yau tana sa mini ciwon kai. Direba in ya ji an ce fulogi mai zafi, sai ya ɗauka barkono ne.

"Zauna in karantar da kai," na ce masa. "Zafin fulogi ba ƙarfin wuta ba ne. Wutar duk ɗaya ce. Ka ga farin tangaran ɗin nan da ke cikin bakinsa? Shi muke kira hanci. In hancin dogo ne, zafi yana daɗewa a jikinsa kafin ya fita, shi ne mai zafi. Wannan na motar cikin gari ne, mai tafiya tana tsayawa, don ya riƙa ƙone kunkunniyar da ke taruwa. In hancin gajere ne, zafi na shiga yana fita, shi ne mai sanyi, na mai dogon zango da kaya irinka. Naka yanzu ya yi wa injin nan zafi. Bakinsa yana zama garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, fistin na tahowa wuta na dukansa a ka. Ita ce tsakuwar da kake ji. Ka ƙara masa zafi, kafin ka kai ƙarshen tudu fistin ya huje."

"To a sa mai sanyi ƙarara mana."

"Shi kuma ya toshe da baƙi, ka wayi gari kana turi. Mataki ɗaya za mu sauka, ba ƙari."

Mai faci ya gyaɗa kai ya ce, "Likita ke nan." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Na nufi shago, su uku suka biyo ni har bakin kanta, don mutanen layinmu ba sa barin kallo ya wuce su. Fulogin da na saba sa wa motar nan na kamfani mai koren kwali ne, lamba biyar. A wurinsu lamba na hawa sanyi na ƙaruwa, wannan ko cikin barci aka tashe ni na sani.

"Auta, ba ni koren kwali lamba shida, guda huɗu."

"Baba, shida ya ƙare tun shekaranjiya. Sai na jan kwali, sabon kamfanin nan."

"Wanne ne daidai da biyar ɗinmu?"

"Takwas."

Na karɓi kwalin, na juya bayansa inda suka buga jadawali, na miƙe hannu na ƙanƙance ido kamar mai nazari. Tururuwa kawai nake gani. Amma lissafin ai mai sauƙi ne: in takwas ne daidai da biyar, mataki ɗaya gaba shi ne tara.

"Ba ni tara."

Ta dube ni. "Baba, ka duba layin ƙasa na jadawalin?"

"Na duba," na faɗa da muryar da nake kashe magana da ita a gida. "Tun ba a haife ki ba nake duba fulogi."

Ta buɗe kwali. Ta ciro huɗu ta zuba mini a hannu.

Na koma gaban mota, na gyara tazarar bakin na farko, na ɗauki sifana. Sai na ji takunta a bayana. Tana riƙe da tsinken tsintsiya guda ɗaya.

"Baba, kafin ka ɗaura, ka nuna wa Kawu gwajin tsinken nan mana. Ina jin bai taɓa gani ba, shi ya sa yake ta neman mai zafi."

Yarinyar nan ta san ubanta. Ba a taɓa roƙona in nuna gwaninta na ƙi ba. Gwajin kuwa ni na ƙirƙiro shi, na koya mata tun tana kan mataccen batir. Tsakanin farin hancin da ƙarfen da ya kewaye shi akwai ɗan siririn rami. Ka zura tsinke har ya tsaya, ka dafe da farce, ka san tsawon hancin ba tare da ka karanta ko harafi ɗaya ba.

"Matso, Mai Ƙwai," na ce. Na ɗauki tsohon fulogi na zura tsinke, ya tsaya, na karya masa alama da farce. "Ka ga zurfin naka. Yanzu ka kalli sabon. Tsinken nan ba zai kai alamar ba, saboda hancinsa ya fi gajarta."

Na zura a cikin lamba tara. Tsinke ya shiga, ya kai alamar, ya wuce ta, ya ci gaba da shiga.

Yatsana ne ya fara sani kafin kaina. Jan kwali a juye suke ƙirga lambarsu: tana hawa, zafi na ƙaruwa. Abin da ke rubuce a layin ƙasa ke nan, layin da na ce na duba. Ina tsaye da fulogin da zai huda fistin ɗin abokina a tsakiyar tudu, da kaya a baya, kuma ni na zaɓe shi da bakina a gaban shaidu uku.

Kafin wani ya buɗe baki, Auta ta ce, "Wayyo, Baba, yi haƙuri. Ni ce na miƙo maka ba daidai ba, kwalayen ne suka haɗu. Ga wanda kake nufi." Ta buɗe ɗaya hannun. Fulogi huɗu ne a ciki, ashe tun daga shago ta taho da su. Ta karɓe na hannuna ta zuba mini waɗannan.

Mai walda ya yi dariya. "Kai, 'yan mata da waya. Hankali yana can."

Ta sunkuyar da kai, ta karɓi dariyar kamar ta cancance ta.

Na zura tsinke a sabon, ya tsaya kafin alamar da kamar kaurin farce biyu. Lamba bakwai ne, mataki ɗaya cif. Na nuna wa Mai Ƙwai, ya ce, "Ikon Allah." Na sunkuya cikin injin, na ɗaura na farko. Na ɗaura na biyu. Ƙofa a buɗe take, ba abin da ya rage sai in yi shiru in wuce, sunana yana nan yadda yake. Amma da na ɗauki na uku sai hannuna ya ƙi. Shekara talatin da huɗu ina gaya wa mutane fulogi ba ya ƙarya, ga ni zan ɗaura shi a kan ƙarya, kuma a bar 'yata da sunan mai wasa da waya.

Na miƙe, na goge hannu.

"Mai walda, lamba nawa ka ji na ce a shago?"

Ya sosa kai. "Tara, ina ji."

"Tara na ce, tara ta ba ni. Ba kwalin da ya haɗu. Da na ɗaura abin da na zaɓa, da jibi war haka janwe ne zai kawo motar nan. Jadawalin da kuka ga ina dubawa, ban ga ko harafi ɗaya ba. Idona ya yi yana, ya fi shekara. Ita ta karanta, ita ta gane, kuma ta rasa yadda za ta gyara ni ba tare da ta kunyata ni ba, shi ne ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta."

Auta ta ce a hankali, "Baba, da ka bari."

"Ba zan bari ba. Karɓi nan." Na miƙa mata sifana.

Mai Ƙwai ya ɗan muskuta. "Likita, ƙwai fa nake ɗauka."

"Shi ya sa na ba wanda ke gani."

Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗaure gyalenta ta baya. Ba ta fara da sifana ba. Ta sa fulogin da yatsu, ta murza a hankali har ya zauna, don kada zaren ya hau karkace, sannan ta ɗaure da sifana ta tsaya daidai inda ni ma zan tsaya. Ta kwance biyun da na ɗaura ta sake duba tazararsu, a gabana, ko kunya babu. Da ta gama ta ce, "Baba, taimin ɗin da ka ja baya wancan zuwan, a mayar da shi inda yake ko?" Na ce a mayar. Ni kaina na manta da shi.

Aka tada mota. Ta sa kunne, ta ɗan danna totur da hannu, ta saki. Sannan ta juya ga Mai Ƙwai. "Kawu, ka yi zuwa uku da kaya, ka dawo mu buɗe mu gani. In ka ji tsakuwa ko sau ɗaya ne, kada ka matsa mata, ka sauko giya."

"To, 'yata," ya ce, da irin muryar da yake amsa mini.

Bayan sun watse na same ta a shago tana mayar da lamba tara cikin kwali. Na zauna a kan jarkar mai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka fara cewa hannunka da mai alhali yanzu ka wanke shi."

"Amma ai ban taɓa ɗaukar kaya ba daidai ba a kantar nan."

Ta yi murmushi, ta kama hannuna ta ɗora a gefen katakon kanta. Na shafa. Ƙananan tsagi ne aka yi da wuƙa a ƙarƙashin kowane layi: ɗaya, biyu, uku. Na tuna yatsuna sun daɗe suna bin su ban taɓa tambayar daga ina suka fito ba. Kayan ma ta daina canza musu wuri tun bara. Jan kwalin ne kawai sabo, ba ta kai ga yi masa tsagi ba.

"Ni da na ɗauka hannuna ne mai basira," na ce.

"Hannunka ne mana. Ni hanya kawai na share masa." Ta rufe kwalin. "Na kuma karɓo maka kati a asibitin ido tun watan jiya, na rasa ta inda zan fara. Likita zai je ganin likita."

Na so in yi faɗa, na nemi faɗan na rasa.

Kwana takwas ban da sukuni. Duk a-kori-kurar da ta karyo kwana sai na ajiye abin da ke hannuna na kasa kunne. Ba sunana nake ji wa tsoro ba yanzu, wannan na riga na ajiye shi a gaban mai walda, abin da kuwa aka gaya wa mai walda an gaya wa layi duka. Ita nake ji wa. In motar nan ta dawo da ciwonta, ba za a ce Likita ya tsufa ba, za a ce ya ba mace sifana.

A rana ta tara, wajen la'asar, na ji ta. Tun daga nesa na san injin yana numfashi daidai, amma ban yarda da kunnena ba sai da ya tsaya ya sauko. Mai walda ya ɗaga yatsu uku yana murmushi.

"Sauke hannunka," in ji Mai Ƙwai. "Wannan ba dawowa ba ce, umarni aka ba ni. Zuwa uku na yi, da giya uku na haye tudun nan, ko tari ba ta yi ba."

Auta ta fito da sifana, ta jira injin ya huce, ta kwance na farko. Ta ɗaga shi a rana ta juya, sannan ta kawo mini dab da fuska. Na ga ba fari ba ne, ba kuma baƙi ba ne, amma iyakar abin da idona ya iya ke nan.

"Faɗa mini," na ce.

"Shayi da madara, Baba. Duk zagayen."

Na shafa bakin da farce, sumul. Na ce ta sa masa sabo a madadinsa, wannan nawa ne. Na je teburi na samo rami a layin tsakiya na tiren ƙwai, na zaunar da shi. A cikin tiren nan kaf, shi kaɗai ne ba ni na zaɓa ba, kuma ba wanda nake alfahari da shi kamarsa.

Ashe Mai Ƙwai ba shi kaɗai ya zo ba. Wata tsohuwar bas ta biyo shi ta tsaya a bakin rumfa, direbanta ya sauko, wani dogon mutum da ban sani ba. Auta ta riga ta koma shago ɗauko fulogin. Mutumin ya yi sallama, ya dube ni, ya dubi na kan benci.

"An ce in zo nan, motata tana cin fulogi duk sati biyu. Likita yana nan?"

Mai faci ya buɗe baki zai nuna ni. Na riga shi.

"Tana ciki," na ce. "Buɗe bonet, yanzu za ta fito."